Gwajin Suga ga Mai Juna Biyu: Tambayoyi da Amsoshi

Idan ciki ya kai wata shida, a wajen awo sukan miƙo wa mace takarda su ce ta je a gwada mata suga. Da yawa sukan karɓi takardar gabansu na faɗuwa, don ba a yi musu bayanin me za su tarar ba. Ga tambayoyin da mata suka fi yi, da amsoshinsu.

Lafiyata lau, ba na jin komai. Me zai sa a ce sai na yi?

Saboda ciwon suga na juna biyu ba ya sallama. Mafi yawan matan da yake kamawa ba sa jin wata alama ko ɗaya. Alamomin da aka san ciwon suga da su kuwa, wato ƙishirwa, yawan fitsari da kasala, masu ciki da yawa suna fama da su ko da jininsu lafiya lau yake. Don haka ba a gane shi da ido ko da tambaya, sai da jini. Kuma ba abu ne da ba a cika gani ba: ƙiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin kowace haihuwa shida, uwar ta yi fama da hawan suga lokacin da take da ciki, kuma mafi yawansu cikin ne ya kawo shi.

Me ya haɗa ciki da suga?

Mabiyiya ce. Bayan aikinta na kai wa yaro abinci, tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin ƙarfi a jikin uwa. Insulin shi ne ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Wannan ragin ba cuta ba ne, tsari ne, domin suga ya ɗan daɗe a jinin uwa yaro ya samu rabonsa. Jikin yawancin mata yakan ƙara yawan insulin ɗin da yake yi har ya cike giɓin. Wadda jikinta ya kasa cikewa, sai suga ya taru mata.

Inda matsalar take shi ne, suga yana ratsa mabiyiya ya isa ga yaro, amma insulin ɗin uwa ba ya ratsawa. Sai yaron ya shiga yin nasa insulin da yawa don ya ji da zaƙin da ke kwararo masa, insulin kuwa yana sa shi tara kitse, musamman a kafaɗu da gangar jiki. Daga nan ake samun jaririn da ya wuce kilo 4, wanda kansa zai iya fitowa kafaɗa ta maƙale. Bayan an yanke cibiya kuma zaƙin ya tsaya cak, insulin ɗinsa bai tsaya ba, sai sugan jininsa ya faɗi a awannin farko. A ɓangaren uwa akwai ƙarin haɗarin hawan jini na masu ciki, yawan ruwa a mahaifa, da haihuwa ta hanyar tiyata. Duk waɗannan suna raguwa idan an gano da wuri an kula.

Yaushe ake yi?

Tsakanin mako na 24 da na 28, lokacin da sinadaran mabiyiya suka yi ƙarfin da za a iya ganin tasirinsu, kuma akwai sauran lokacin ɗaukar mataki. Ana yi wa wasu tun farkon zuwansu awo: wadda ta taɓa yin ciwon a cikin baya, mai ƙiba sosai, wadda ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin gaske, wadda mahaifinta, mahaifiyarta ko wani ɗan'uwanta na jini ke da suga, da mai matsalar ƙwayayen haihuwa da ke rikita al'ada. Gwajin farko-farkon nan yawanci ana neman sugan da mace ke da shi ne tun kafin ciki ba ta sani ba. Idan ya fito lafiya, ba a gama ba, za a sake a mako na 24 zuwa 28.

Wasu ƙasashe, kamar Amurka, kowace mai ciki suke gwadawa. Wasu, kamar Ingila, sun fi gwada masu alamun haɗari kawai.

Ai ana duba fitsarina duk zuwa awo. Bai wadatar ba?

Bai wadatar ba. Ƙodar mai ciki takan saki suga cikin fitsari ko da na jini bai hau ba, sannan wata sugan jininta ya hau amma fitsarin ya fito fes. Idan aka ga suga a fitsari sau da yawa, dalili ne na a gwada jini, ba hukunci ba ne.

Na ji wata ta ce awa ɗaya ta yi, wata ta ce awa uku. Gwajin iri nawa ne?

Hanya biyu ake bi, kuma asibitin da kike awo ne ke zaɓa.

Hanya ta farko mai hawa biyu ce. Ana fara ba ki giram 50 na gulukos, wato irin sugan da ke cikin jini, a narke cikin ruwa ki sha, bayan awa ɗaya a ɗebi jini. Wannan ba ya buƙatar ki kwana da yunwa, kina iya karyawa ki je, kuma kowane lokaci na yini ana yi. Tankaɗe ne kawai, ba ya cewa kina da ciwo. Idan lambar ta haura iyaka, sai a sa miki wata rana don babban gwajin: ki zo ba ki karya ba, a ɗebi jini, ki sha giram 100, sannan a sake ɗiba bayan awa ɗaya, awa biyu da awa uku. Ɗiba huɗu ke nan.

Hanya ta biyu kai tsaye ce. Ki zo ba ki karya ba, a ɗebi jini, ki sha giram 75, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Wasu wuraren na bayan awa biyu kaɗai suke ɗiba. Wannan ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013.

Abu mafi muhimmanci ranar da aka ba ki takarda shi ne ki tambaya: wanne za a yi min, kuma in karya ko kada in karya? Mata da yawa sun sha wahalar zuwa an mai da su gida saboda wannan tambaya guda da ba a yi ba.

To ranar babban gwajin, na giram 75 ko na 100, me zan tarar?

Daga daren jiya za ki daina cin komai na aƙalla awa 8, amma kada ya zarce 14. Ruwa zalla ya halatta, har ma ya fi kyau ki sha, don jijiya ta fi saurin samuwa. Shayi, madara, lemo, cingam, alewa, duk babu.

Da safe za a fara ɗaure miki hannu a ɗebi jinin farko daga jijiya. Sai a miƙo miki kofi ko kwalba, ruwan bai fi cikin babban kofi ɗaya ba, a ce ki shanye cikin minti biyar. Kurɓar farko ba ta da laifi. Daga tsakiya ne zaƙin ke fara kama maƙogwaro, ya yi kauri a harshe, har ki ji kamar haƙoranki sun yi danƙo. Giram 75 ya kai kimanin ƙaramin cokali goma sha takwas na suga, a cikin da babu komai. Idan da sanyinsa ya fi sauƙin haɗiya, kuma gara ki yi ta sha a jere da ki riƙa tsotsa kina duban sauran. Da kin ajiye kofin ma'aikacin zai dubi agogo ya rubuta lokaci. Ke ma ki duba ki riƙe, domin idan ɗakin ya cika da mutane ana iya mantawa da ke, kuma jinin da aka ɗiba a makare ba ya faɗin gaskiya. Saura minti biyar ki tashi ki tuna musu.

Tsakanin ɗiba da ɗiba zama za ki yi. Ba cin abinci, ba shan taba, ba yawo. Kada ki ce bari in leƙa in yi sikanin a wancan ginin in dawo, ko in hau bene in gai da wata mara lafiya. Tsoka idan ta motsa tana cinye suga, sai lambar ta sauka ta ba da amsar da ba ita ba ce. Ki tafi da abin da zai ɗebe miki kewa, da riga mai sauƙin naɗe hannu, da abincin da za ki ci da zarar an zare allurar ƙarshe. Wannan na ƙarshen kada ki yi wasa da shi. Bayan awa biyu ko uku jiki ya riga ya zubo insulin da yawa, sai wasu su ji rawar jiki, gumi da yunwa mai tsanani. Ki ci tukuna kafin ki kama hanya, kuma idan da hali a samu mai raka ki.

Wata ta ba ni shawara in daina cin zaƙi da sitaci kwana uku kafin gwajin don ya fito da kyau. In bi?

Kada ki bi, Allah ya ba ta haƙuri. Dalili biyu ne.

Na farko, dabarar takan juye wa mai ita. Jikin da aka hana sitaci na kwanaki yakan rage shirinsa na fitar da insulin, sai kwatsam a kwara masa giram 75 ko 100, lambar ta yi sama fiye da yadda za ta yi da an bar shi yadda ya saba. Shi ya sa ƙa'idar gwajin ta ce a ci abinci yadda aka saba na kwana uku kafin ranar, da sitacin da bai gaza giram 150 a yini ba. Mace mai lafiya tana iya jawo wa kanta sakamakon ƙarya da wannan wayon.

Na biyu, ko da dabarar ta ci, wa aka yaudara? Ba jarrabawar makaranta ba ce da za a ce wance ta ci, wance ta faɗi. Takardar za ta ce lafiya, sugan kuma yana nan yana ratsawa zuwa wurin yaro har wata uku, ba mai lura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka nan masu yin tafiya mai nisa da sassafe kafin su isa, da masu shan ruwa bokiti guda ko jiƙe-jiƙe don su wanke jini, da masu ƙin cin abinci kafin gwajin giram 50 da ba a ce su ƙi ba. Ki je da jikinki na kullum, shi ake son a gani.

Wannan zaƙin duka ba zai cutar da yaron ba?

Ba zai cutar da shi ba. Sha ɗaya ne, jiki yana gamawa da shi cikin 'yan awanni. Za ki iya jin yaron ya ƙara motsi, ba komai ba ne.

Idan na yi amai fa?

Tashin zuciya, jiri da ciwon kai suna faruwa, musamman da giram 100. Idan aman ya zo, ki faɗa nan take, kada ki ji kunya ki ɓoye, don gwajin ya lalace ke nan kuma sai an sake wata rana. Wadda ta gwada ta kasa riƙewa, likita zai iya sa ta ta riƙa auna jininta a gida kafin karyawa da bayan kowane abinci na mako ɗaya ko biyu, a duba lambobin. Haka ake yi wa wadda aka taɓa yi wa tiyatar rage tumbi, domin ruwan zaƙin yakan galabaita ta sosai. Abin da ba a yi shi ne mace ta haɗa nata a gida da sugan shayi ko ta maye shi da lemon kwalba. Sugan shayi ba gulukos zalla ba ne, kuma lambobin da ake hukunci da su an ɗora su ne a kan gulukos mai awo.

Ina shan magani, kuma kwanan nan na yi zazzaɓi. Zai shafi sakamakon?

Zai iya. Zazzaɓi da kowace rashin lafiya mai ƙarfi suna ɗaga suga, gara a ɗage ranar har ki warware. Magungunan sitiroyid ma haka, har da allurar da ake yi wa mai barazanar haihuwa kafin lokaci don huhun yaro ya yi ƙwari, wadda ke ɗaga suga na wasu kwanaki. Ki lissafa wa likita duk abin da kike sha, amma kada ki dakatar da komai da kanki.

An ba ni takarda cike da lambobi. Yaya zan karanta?

Ki fara duba ma'aunin. Wasu ɗakunan gwaji da mg/dL suke rubutawa, wasu da mmol/L. Idan kika raba ta farko da 18 za ki samu ta biyu, wato 180 daidai yake da 10.

A gwajin giram 50, iyakar takan zama 140 a ma'aunin mg/dL, wasu asibitoci 135 ko 130.

A gwajin giram 75 bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: 92 kafin karyawa, 180 bayan awa ɗaya, 153 bayan awa biyu. A ɗaya ma'aunin, 5.1, 10.0 da 8.5 ke nan. Lamba ɗaya tak idan ta kai, an tabbatar.

A gwajin giram 100, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 95, 180, 155 da 140, kuma sai biyu daga cikin huɗun sun kai.

Idan ta kafin karyawa ta kai 126, ko ta bayan awa biyu a gwajin giram 75 ta kai 200, ana ɗaukar abin a matsayin cikakken ciwon suga da aka gano a lokacin ciki, kulawarsa kuma ta fi tsanani.

Me ya sa ma'aunin ya bambanta haka? Ƙawata lambarta ta fi tawa amma aka ce lafiyarta lau.

Wannan ya kan faru, kuma ba lallai kuskure ba ne. Ma'aunin giram 100 ya samo asali ne daga aikin O'Sullivan da Mahan a birnin Boston a 1964, Carpenter da Coustan suka gyara lambobin a 1982. Abin da na farkon suka duba shi ne wace uwa ce za ta kamu da suga nan gaba, ba me zai samu jariri ba. Daga baya aka yi wani babban bincike mai suna HAPO a kan mata sama da dubu 23 a ƙasashe tara, aka wallafa shi a 2008. Ya nuna cewa babu wani layi da haɗari ke farawa daga kansa: duk yadda sugan uwa ya ƙaru, nauyin jariri da insulin ɗinsa suna ƙaruwa sannu a hankali. Ke nan dole mutane ne za su zauna su ja layin, kuma ba a wuri ɗaya kowa ya ja ba. Lambobin 92, 180 da 153 daga wannan binciken aka ciro su a 2010. A Ingila kuwa tun 2015 suna amfani da 5.6 kafin karyawa da 7.8 bayan awa biyu, a ma'aunin mmol/L.

A ganina amfanin sanin wannan shi ne, wadda ta haura da lamba ɗaya ko biyu kada ta ɗauka duniya ta tashi, wadda ta tsira da ƙyar kuma kada ta ɗauka an ba ta lasisin cin duk abin da ta ga dama.

Muna da na'urar auna suga a gida. Ba zan yi da ita in huta ba?

Na'urar huda yatsa tana da kyau wajen bibiya, amma kuskurenta ya yi faɗi a wurin da lamba biyu ko uku ke raba hukunci. Don tabbatarwa jinin jijiya ake so. Ko shi ma yana da sharaɗi: ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin suga a cikin kwalbar bayan an ɗiba, don haka ake zuba shi a kwalba ta musamman, yawanci mai murfi ruwan toka, a kuma hanzarta aikinsa. Jinin da ya yini a kan tebur zai nuna ƙasa da gaskiya. Gwajin nan na matsakaicin suga na wata uku, HbA1c, yana taimakawa a farkon ciki wajen gano tsohon ciwon suga, amma ba a dogara da shi a mako na 24 zuwa 28, kuma ƙarancin jini da sikila suna rikita shi.

Gwajin awa ɗaya ya hau. Shi ke nan ina da suga?

A'a. An saka iyakarsa ƙasa ne da gangan don kada mai ciwon ta kuɓuce, saboda haka yana kamo mata da yawa masu lafiya. Mafi yawan waɗanda aka tura babban gwaji sukan fito ba su da komai. Sai dai idan lambar ta yi sama ƙwarai, kamar 200, wasu likitoci ba sa jiran gwaji na biyu. Abin da ake so kawai kada ki ja ƙafa, ki yi na biyun cikin 'yan kwanaki.

An tabbatar ina da shi. Ni na jawo wa kaina?

Ba shan zaƙi kaɗai ke kawo shi ba. Siraran mata masu kula da abinci ma suna samu, don gado, shekaru da ƙarfin mabiyiya duk suna da hannu, mai tagwaye ma haɗarinta ya fi. Masu cewa kwaɗayinki ne ya ja miki, ki bar su da iliminsu.

Abin da zai biyo baya: za a koya miki huda yatsa, yawanci sau huɗu a yini, da safe kafin karyawa da bayan kowane babban abinci. Abin da ake nema galibi shi ne ƙasa da 95 kafin karyawa, ƙasa da 140 awa ɗaya bayan abinci, ko ƙasa da 120 bayan awa biyu. Za a tsara miki abinci, ba don ki zauna da yunwa ba, yaro yana buƙatar sitaci. Rarraba shi ake yi kaɗan-kaɗan a yini, a haɗa da ganye da abinci mai gina jiki, a bar lemon zaƙi. Tafiyar ƙafa ta minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci tana sauke lamba fiye da yadda ake zato. Kusan bakwai zuwa takwas cikin mata goma wannan kaɗai yake isarsu. Sauran ana ƙara musu insulin ko ƙwayar metformin. Insulin ba ya isa ga yaro, kuma fara shi ba ya nufin za ki dawwama a kansa. Za a ƙara yawan awo da sikanin don duba girman yaro da ruwan mahaifa. Samun ciwon ba ya wajabta tiyata, mata da yawa suna haihuwa da kansu.

Zan iya cewa ba na so?

Jikinki ne, ba mai ɗura miki. Amma ki faɗa wa likita ko ungozoma dalilinki. Idan tsoron amai ne ko na allura, akwai yadda za a yi.

Bayan na haihu zai tafi?

Ga mafi yawan mata, da mabiyiya ta fita suga yake komawa daidai, kuma akan dakatar da maganin nan take. Za a duba sugan jaririn a awannin farko, a kuma so ki ba shi nono da wuri kuma akai-akai. Sai dai akwai gwaji guda da mata suka fi mantawa da shi cikin hidimar jego: tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa ana so ki koma a sake gwada ki, yawanci da giram 75, don a tabbatar ya tafi. Daga nan kuma duk shekara ɗaya zuwa uku, domin wadda ta yi suga na ciki haɗarin ta kamu da ciwon suga nau'i na biyu nan gaba ya ninka na sauran mata sau da yawa. Shayarwa, motsa jiki da rage ƙiba suna rage wannan haɗarin. Ki sa a rubuta miki ranar komawar a katin awo tun kafin a sallame ki, kuma idan wani cikin ya samu, ki faɗa musu tun zuwan farko cewa kin taɓa yi.